Gidan da Ba Ya Bukatar Kowa

Makka, ranar Juma'a, farkon Muharram.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maryam da yara. Allah ya tsare ku a hanyar da za ku kama, ya tsare ku a inda za ku sauka.

Yau na tashi da dama-dama. Kumburin ƙafa ya ɗan sace, amma tarin yana nan, ya fi matsa mini da asuba. Ban iya sauka masallaci ba, matakalar unguwar nan ta fi ƙarfina, a zaune na yi azahar. In ka ga rubutun ya karkace ka san dalili. Na kuma san ba kai za ka karanta ba. Matarka za ka miƙa wa, ita da ta yi makaranta a Kano, inda ka kasa ganewa ta juya maka da Larabci. Maryam, ki yi haƙuri ki karanta masa duka, kada ki tsallake inda ya yi ɗaci.

Na kira Maryam a waya na ce ta gaya maka ka zo yau bayan an sauko daga Juma'a, tunda kai ba ka ɗaukar kirana. Jibi za ku wuce Jidda ku hau jirgi. Ni da kai mun san wanda ya fita da bizar fita ta ƙarshe ba ya dawowa nan kusa, ni kuwa jikina ba na dogon jira ba ne. Ina zaune ina sauraron matakala, sai na ce bari in rubuta, domin bakina ba shi da kyau. In ka shigo, ina tsoron in sake yi maka abin da na yi wancan karon.

Ka tuna. Ka shigo da waya a hannu, ka zauna a bakin katifa ka ce, "Abuya, duba nan." Ka nuna mini Turawa sun tuɓe takalma suna tattaka laka suna dariya, ga bango an jera kwalabe cike da yashi, ga tsofaffin tayoyi an danƙare su da ƙasa. Ka ce ku magidanta da aka haifa a garin nan, waɗanda iƙamarsu, wato takardar zama, ta mutu ba mai sabunta musu, kun haɗa kai kun sami fili a bayan Kazaure. Ba ku da ƙarfin siminti, don haka za ku gina unguwa guda da ƙasa da abin da mutane suka zubar, kuma kai suka ɗora wa ginin. Ka ce, "Sun ji labarin cewa da hannunka aka ta da rabin gidajen dutsen nan. Ka koya mini, Abuya, ko shuwayya, ko kaɗan."

Na ce, "Sai da Bature ya shiga laka sannan ta yi tsarki? Je ka tambayi wayar."

Ka ce, "Halas," ka sa takalminka. Ina jin saukarka har ka kai titi, ban kira ka ba.

Ba zan ce maka haushin ya wuce ba. Bai wuce ba. Amma mutane za su sa 'ya'yansu a ƙarƙashin rufin da za ka yi, jikokina ma a ciki, kuma ban ga dalilin da zai sa su biya bashin bakina ba. Ga abin da na sani. Yawancinsa kuskure ne ya koya mini.

Ni ba magini aka haife ni ba. Makaranta na yi har midil, zamanin da ake dukan yaro in ya karkata harafi. Ɗan abin da na sani na gini a gayyar ƙauyenmu na tsince shi. Da na zo aikin hajji na zauna, na iske 'yan'uwanmu a kan dutsen nan, ba mai halin kama haya a ƙasa. Ni da Sale, mutumin Damagaram, wanda ka tashi kana ce wa Baba Sale, muka share wuri kusa da juna. Kayan gininmu daga Mina suke fitowa. In alhazai suka watse, sai mu bi bayansu mu yi kala: sandunan tanti, igiya, yagaggen tamfol, akwatunan katako, garwar mai da ta kananzir. Ƙasa kuwa, ka san Makka dutse ce, sai mun jira ambaliya ta tara laka a kwari mu kwaso a jaki. Abin cuɗawa kuma, ragowar harawar ragunan hadaya da kashinsu, daga garken da aka bari.

Ɗakina na farko na gina shi yadda ake yi a gida. Na mulmula tubali, na ɗora shi kai tsaye a ƙasa, na ja bango ya tashi santal. Na ce garin da ake shekara ba a ga hadari ba, me zai ci bango? Ina cikin aiki Sale ya tsaya yana kallon wani layi da ya gangaro daga sama ya bi ta gindin ginin. Ya ce, "Idi, duwatsun nan da suka yi santsi, me ya goge su?"

Na ce, "Awaki ne, nan suke bi."

Ya ce, "Lallai awakin Makka suna da ƙoƙari."

Shi ma bai sani ba, zato yake yi, kuma nasa ɗakin bai fi nawa dabara ba, sa'a ce ta ajiye shi gefe. Wata la'asar hadari ya haɗu, aka saki ruwa. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a sama sai ya gangaro. Ya biyo wannan layi ja wur, yana tafe da tsakuwa da tsumma, ya ci gindin bangon muna tsaye muna kallo, ɗakin ya durƙusa. Sale yana riƙe da tukunyar uwarka a ka, ruwa na dukansa, ya ɗaga murya ya ce, "Idi, ga awakinka sun iso!" Na yi wata guda ban yi masa magana ba.

To, ka ji. Da rani za ku sauka, kuma fili da rani maƙaryaci ne, ko'ina a bushe, ko'ina shimfiɗe. Kafin ka sa a sari ƙasa, nemi tsofaffin da suka noma wurin da matan da ke bi ta nan neman itace, ka ce su nuna maka inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Kada ka ɗora ƙasa a kan ƙasa. Ka yi harsashi da dutse ya tashi har gwiwa, sannan tubali ya hau. Indararo ya yi tsawo, ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Kuma ka sani ruwan can ba irin na nan ba ne da ke zuwa sau ɗaya ya tafi, wata da watanni ake yi ana tafka shi. Ni rabona da damina tun kafin a haife ka. A kan wannan, maganar mutanen can ta fi tawa.

Na biyu rufi ne, kuma shi ba na son tunawa. Da na sake ta da ɗakin a kan dutse, ba azara a garin nan, sai na fasa garwa na buge ta ta miƙe, na jera a kan sandunan tanti na ɗaure da waya. Kyauta na same ta, kuma in rana ta haska tana walƙiya kamar kwanon masu kuɗi. Har alfahari na yi. A wannan ɗaki aka haifi yayanka Sani, wanda ba ka sani ba, a tsakiyar zafi. In rana ta take, ba ka iya ɗora hannu a rufin daga ciki. Uwarka ta riƙa jiƙa zane tana rataye a kansa, kafin ta juya ya bushe. Jikin yaron ya feso da ƙuraje, ya daina kama nono. Ta ce, "Malam, ɗakin nan tanda ne, a yi masa wani abu." Na ce ta bari a gama aikin Arfa, lokacin ina yi wa alhazai tafinta, ban da sukuni. Kafin a gama, yaron ya koma.

Ban ce rufin ne ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma haka na gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa. Amma da muka sake rufin, muka shimfiɗa katakon akwatuna a kan garwar, muka bi da buhuna, muka zuba ƙasa mai kauri muka daɓe, muka huda 'yan tagogi can sama don zafi ya sami mafita, ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa. Uwarka ta shigo ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Ashe yana yiwuwa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A cikin wannan sanyin aka haife ka.

Don haka kada kyauta ta rufe maka ido. Ba duk abin da aka tsinta ne ya dace a kwana a ƙarƙashinsa ba. Maganar kwalabe da tayoyi, gaskiya ban san su ba, ban taɓa gini da su ba, kuma ba zan kushe abin da ban gwada ba. Mai yiwuwa dabara ce mai kyau. Amma ka fara da ɗakin ajiya ko na awaki. Ka bar shi ya ga bazara, ya ga damina. Ka shiga da kanka da tsakar rana ka rufe ƙofa ka kwanta, ka ji abin da jikinka da hancinka za su gaya maka, domin na san warin taya in ta sha rana. Duk gangar da aka kawo, ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Sai ka gamsu sannan ka sa 'ya'yan mutane. In mace ta ce maka ɗaki ya yi zafi, a ranar za ka hau rufin, ba bayan aiki ba.

Yanzu ga babban. Waɗancan biyun jahilci ne. Wannan kuwa da wayona na yi shi, kuma shi ne ya sa yau nake zaune ni kaɗai ina ƙirga takun mutane a matakala.

Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in ba haka ba ya zaizaye. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Saboda haka muka mai da shi al'ada: in aikin hajji ya ƙare, kowa ya dawo daga Arfa da Muzdalifa, a irin wannan wata da muke ciki, sai a fito gayya. Duk abin da aka kalato a Mina a tara shi wuri ɗaya, wanda rufinsa ya fi lalacewa shi ke fara ɗiba. Ana farawa da gidan da ba namiji, gidan gwauruwa ko na tsohuwa, a bi gida-gida, a ƙare da gidan wanda ke jagorantar aikin. Maza na kwaɓa ƙasa suna yaɓe, mata na daɓen tsakar gida suna waƙa, ana dafa tuwo a tukunya ɗaya. Ba Hausawa kaɗai ba, har Barebari da wani Bayamale da ke zaune a cikinmu.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba bango kaɗai ake dubawa ba. In mutane suka shiga gidanka da sunan yaɓe, sun ga buhun shinkafarka ya kwanta, sun ga matarka ta rame, sun ga tabarmar da tsohonka ke kwance a kai. Ba wanda zai ce komai, amma washegari za ka ga kwano ya shigo. Ba ka roƙa ba, ba a kunyata ka ba. Tsakanin gidana da na Sale ma akwai wata 'yar kafa da muka bari a katanga, daidai wucewar mutum a sunkuye. Ta nan uwarka da matarsa Hajara ke miƙa wa juna wuta da gishiri, ta nan aka kira Hajara ranar da naƙudarka ta tashi.

Sai Allah ya buɗa mini. Na sami aikin kula da wani benen alhazai a Aziziyya, na fara sa farar jallabiya mai guga, ina shiga lif. In na dawo na hau dutsen nan, sai in ga gidana kamar ba nawa ba. Ana cikin haka ka dawo daga makaranta wata rana, ka jefar da jaka, ka ce yara sun biyo ka sun ga inda kake kwana, suna ce maka Takaruni ɗan gidan taɓo. Ka ce, "Abuya, me ya sa gidanmu yake kamar na tururuwa?" Ka ƙi cin abinci. Kai ka manta, ni ban manta ba.

Na rushe shi. Ɗakin nan mai sanyi da aka haife ka, na sa aka kwashe shi aka zubar a kwari. Na ɗauko leburori 'yan ƙasar waje, suka hau da bulo da siminti a ka, suka gina wannan da nake ciki. Na sa ƙofar ƙarfe, na sa mukayyif mai hura sanyi. Da aka zo katanga, magini ya tambaye ni kafar nan fa, na ce ya toshe, gidan mutunci ba ya zama da rami. Uwarka tana tsaye da kwano a hannu. Ta ce, "Malam, ta ina zan riƙa ganin Hajara?" Na ce ta zagaya ta ƙofa kamar kowa. Ka san zagayen, sai an sauka an sake hawa.

Da Muharram ya zo, Sale ya buga ƙofar ƙarfen da ƙotar fartanya. Ya ce, "Ranka ya daɗe mai bene, an fito. Yau gidan Iya Kande za a fara."

Na ce, "Sale, ka ga nawa ba ya bukatar yaɓe yanzu. Kuma aiki ya yi mini yawa. Zan turo lebura ya tsaya a madadina."

Ya dube ni, ya dubi jallabiyar. Ya ce, "Idi, an ce maka hannu muka rasa?"

Na ce, "To me kuka rasa?"

Ya ce, "Bari dai. Allah ya sanya alheri." Ya saɓa fartanyarsa ya sauka.

Na tura leburan. Suka ba shi tuwo ya ci, suka sallamo shi. Shekarar da ta biyo ba wanda ya buga mini ƙofa. Kuma da yake ni ne mai ilimin boko a cikinsu, ni ake kawo wa takarda in karanta, abin da na yi sai ya zama abin koyi. Duk wanda ya sami ɗan hali sai ya yi bulo ya ja ƙofa. Waɗanda suka rage a gidan ƙasa su ne marasa ƙarfi, ga shi masu ƙarfin sun janye, gayya ta gagara. Ɗakin Iya Kande ya zaizaye har ya rufta, Allah ya sa tana waje. Ban kashe gayyar ni kaɗai ba, amma ni na fara zare hannu.

Lokacin da ciwo ya kama uwarka, ta daɗe tana ɓoyewa. Ni ina Aziziyya tun safe, kai kana makaranta. Da kafar nan tana nan, da Hajara ta gani tun a makon farko, mata ba sa ɓoye wa juna irin wannan. Sai da ta kasa tashi sannan unguwa ta ji. Hajara ta hawo tana haki, ta tsaya a kanta tana kuka, ta juyo ta ce mini, "Malam Idi, bango ɗaya ne tsakaninmu fa." Bayan rasuwar, ba a daɗe ba aka kama Sale a wani samame, aka mai da shi gida da iyalinsa. A bakin mai shago na ji, har an yi kwanaki.

Kai kuma da na yi domin kai, da ka yi aure ka ce dutsen ya yi wa Maryam wahalar hawa, ka kama shuƙƙa, gidan haya, a ƙasa. Ban hana ka ba. Ka riƙa zuwa duk Juma'a, sannan duk wata, sannan sai waya. Gidan nan bai taɓa tsagewa ba, bai taɓa yoyo ba, bai taɓa ba wani dalilin shigowa ba. In wuta ta ɗauke, ya fi ɗakin garwar nan zafi. Shi ya sa da ka zo da Turawanka masu dariya a cikin laka, wani abu ya taso mini. Abin da ka yi kuka a kansa, na rushe, na rasa mutanena a kansa, shi ne yau kake nuna mini a waya kana cewa, "Duba, Abuya, hatta a Urubba," wato har a Turai. Yaro ne kai a lokacin, na sani. Ni ne babba, ni ya kamata in zaunar da kai in ce gidan nan da hannun mutum arba'in aka yi shi, waɗanda ke maka dariya ba su da irinsa. Ban faɗa ba, domin ni ma kunyarsa nake ji.

Ga shawarata, kuma in ka watsar da sauran ka riƙe wannan. Kada ka gina gidan da ba ya bukatar kowa. Yaɓen shekara da za ka ga kamar wahala ne, shi ne zai riƙe unguwarku. Ku sa masa lokaci sananne bayan an kawar da amfanin gona, ku fara da gidan mafi rauni, naka ya zama na ƙarshe tunda kai ne jagora. In ka ga naka ya fara shiga gaba, ka binciki kanka.

A cikinku wani zai riga kowa samu. Zai ce zai yi bulo, ko ya ce a shafa wa bangon ƙasarsa siminti don ya huta. Shafen nan ka hana shi in za ka iya, domin ruwa yana shiga ta tsaga ya kasa fita, ya ci bangon daga ciki, fatar tana nan lafiya lau har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya. Bulo kuwa ba ka da ikon hana mutum. Amma ku yi alkawari tun yanzu da kowa ke talaka, cewa ko gidan gilashi mutum ya gina, ranar gayya zai fito da ƙafarsa ya shiga laka. Ba aike, ba madadi. Kuma ka lura, mai yiwuwa wannan mutumin kai ne. Jinina ne a jikinka.

Ku bar kafa tsakanin gidaje, ko da kuna ganin ba ta da kyan gani. Ku tambayi mata inda suke son ta, su ne masu bi. Ramin da za ku haƙa ku ɗebi ƙasa zai zama kududdufi da damina, don haka ku zaɓi wurinsa tare, nesa da inda yara ke wasa, kada kowa ya haƙa nasa a bayan ɗaki.

Sannan mutanen garin. Kada ka ɗauka za su tare ku da murna don kakanninku daga can suke. A nan an ce muku Takaru, a can za a ce muku 'yan Makka, kuma za su yi dariyar Hausarka. Laifina ne, ni na bar ka ka tashi da Larabci don kada a gane ka a makaranta. Za su kuma yi mamaki, su da ke tara kuɗi su rushe ƙasa su yi bulo, ga waɗanda suka fito daga ƙasar mai sun zo suna tattaka laka. Ka bar su su yi dariyar. Kada ku juya harshe a gabansu, ko da ba da mugun nufi ba. Ka nemi tsofaffin maginansu tun suna raye, ka durƙusa ka gaishe su, ka gayyace su aikin, in suna nasu ku ma ku je. Unguwar da ta ware kanta ba ta daɗewa, ko da me aka gina ta.

Kada ka ce in biyo ku. Maryam ta faɗa mini kuna wannan magana. Ba zan iya jirgi ba, kuma uwarka da Sani a nan suke. Layin da ke ƙasa da mu an riga an shafa musu jan fenti, an yanke musu wuta, daga tagata ina hango motocin rusau suna cin dutsen kamar gara, bayansu ga dogayen benaye har sun tare mini inda nake hango hasumiyoyin Harami. Za su iso nan. Ban sani ba ko su za su riga ko Mala'ika. Abin da ke ba ni dariya mai ɗaci shi ne, gidajen ƙasar da suka rage, in mota ta taɓa su sai su zube su koma abin da suke tun farko. Nawa kuwa sai an yi ta dukansa, a loda ɓaraguzai a kai wani kwari a zubar, ba mai tsintar komai a ciki.

Akwai abin da takarda ba ta ɗauka. Zan iya rubuta maka cewa a jiƙa ƙasa a cuɗa ta da ciyawa a bar ta ta tsima kafin a taɓa, in yashi ya yi yawa ba ta kamawa, in yumɓu ya yi yawa tana tsagewa. Amma yadda take a tafin hannu in ta yi daidai, yadda take sakin yatsa, da ƙanshin da take yi, wannan sai an kama hannun mutum an sa a ciki. Haka aka yi mini, kuma ban yi wa kowa ba. Shi ya sa na ce ka zo. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba lallai in iya ba ka ba. Ka zo kawai.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin ruwa da na wuta, da sharrin zuciyarku in ta fara jin ta wadatu. Allah ya sa ƙasar can ta karɓe ku, ya ba ku maƙwabta nagari, ya sa ku zama nagari gare su. Ya raya yara, ya sa su san Hausa. Ka shafa mini kansu. Maryam, na gode, Allah ya yi miki albarka. In kun tuna, ku sa ni da uwarku a addu'a. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu.

An kira magariba. Ba ka zo ba. Mutum ɗaya ne ya hawo matakala tun la'asar, mai sayar da gas ne, ya wuce sama. Tun jiya na ɓanɓaro ƙasa daga tsohon murhun uwarka da ke bayan gida, na daka, na jiƙa a daro, na yayyanka tsohon buhu na cuɗa. Sai da na huta sau da yawa kafin in gama. Ɗazu na sa hannu, ta yi daidai. Na rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma, za ta kai gobe. Takardar nan kuma ban san wanda zai sauko maka da ita ba.